Hayar Suna a Cinikin Kayan Alfarma na Hannu: Lissafin da Basakkwace Zai Yi Kafin Ya Sa Hannu

A birnin Minneapolis na Amurka akwai wani kamfani da ake kira Winmark. Shaguna sama da 1,300 a Amurka da Kanada suna ciniki da sunayen da ya mallaka, irin su Plato's Closet mai tufafin matasa, da Style Encore na mata, da Once Upon A Child na yara. Dukkansu kayan hannu suke sayarwa, wato gwanjo. Shagunan ba na kamfanin ba ne. Kowanne da mai shi, wanda ya zuba jarinsa, yake biyan haya da albashin yaran shago, ya biya kuɗin shiga sau ɗaya, sannan yake ba kamfanin wajen kashi biyar cikin ɗari na duk cinikin da ya yi. Wannan shi ne faranchayis. Mu za mu kira shi hayar suna, don abin da ake biya wa kuɗi ke nan: suna, da tsarin aikin da ke tafe da sunan.

Abin lura na farko shi ne inda hajar waɗannan shaguna take fitowa. Wanda ya yi hayar sunan gidan abinci, uwar kamfani ce ke turo masa kayan haɗi, ko ta nuna masa inda zai saya. Mai shagon Plato's Closet kuwa babu motar da ke zuwa ta sauke masa riguna. Mutanen unguwa ne ke shigowa da kayansu, a duba, a zaɓa, a biya su nan take, galibi wajen sulusin abin da za a sayar. Shi ya sa sabon shago yakan yi makonni yana saye kawai, sai rataya ta cika sannan a buɗe wa masu saye. Abin da kamfanin ke bayarwa shi ne manhajar kwamfuta mai nuna farashin da ya dace da kowace riga, da horon ma'aikata, da fasalin shago, da talla.

Don haka duk wanda ya shigo Sakkwato da tayin hayar suna a wannan sana'a, tambaya biyu ce za ta raba gardama: daga ina kayan za su fito, kuma wa zai tantance na ainihi da jabu? Allon ƙofar shago da fitilu masu walƙiya su ne na ƙarshe a lissafi, ko da yake da su ake fara jan hankalin mai jari.

Akwai kuma abin da masu tallar irin wannan dama ba su cika faɗa ba. Manyan sunayen da suka shahara da kayan alfarma na hannu, irin su The RealReal da aka kafa a Amurka a 2011, da Vestiaire Collective da aka kafa a Paris a 2009, da kansu suke tafiyar da harkarsu, kuma tantance kaya a cibiyoyinsu ake yi. Dalili a fili yake. Jakar jabu guda ɗaya daga reshe ɗaya ta isa ta zubar da mutuncin sunan baki ɗaya. Masu bayar da hayar suna sun fi yawa a tufafin matsakaicin farashi, inda kuskure ɗaya ba ya kai mutum kotu. Saboda haka in wani ya ce shi wakilin ɗaya daga cikin waɗancan manya ne yana raba rassa a Arewa, a nemi takarda daga hedikwatar kamfanin kafin a ci gaba da magana.

Dila ba za ta ciyar da shagon alfarma ba

Tunanin da ya fi saurin zuwa wa mutum shi ne: ai ga dilolin gwanjo nan, sai a riƙa kwancewa ana tsince masu suna. Wannan lissafi yana karyewa ta wuri uku.

Na ɗaya, dila kafin ta iso Sakkwato ta bi ta hannuwa da yawa. Kamfanonin da ke ware gwanjo a Turai sun san darajar jakar Gucci fiye da mu, tun can suke cire ta su sayar wa shagunan ƙasarsu. Abin da ya kuɓuce masu, masu kwance dila a Kwatano da Legas da Ƙofar Wambai a Kano suna da yaran da aikinsu ke nan, su tsince kan kaya tun da asuba. A dila mai kilo 45 ko 55 mutum zai iya dacewa da riga biyu ko uku masu suna, zai iya kuma tashi a tutar babu. Dace ba ya zama tsarin kasuwanci, balle a ɗora masa kason da ake biya duk wata.

Na biyu, abin da Turawa ke zubarwa ba shi Sakkwatawa ke sawa ba. Kwat mai nauyi da rigar ulu, in sun yi kasuwa, Disamba da Janairu ne. Gajerun riguna na mata kuwa ko sunan wa ke wuyansu ba su da masu saye da yawa a garin da mace ke fita da abaya ko hijabi. Abin da ke tafiya daga kayan waje shi ne jaka, da takalmi, da gyale, da tabarau, da agogo, da rigunan ofis na maza, da takalman samari da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke nema.

Na uku shi ne mafi nauyi. Tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su. Kowa ya san suna shigowa, kowa kuma ya san ta inda suke bi. Amma ɗan kasuwa mai teburi a Tsohuwar Kasuwa daban, kamfani mai rajista da rassa da rubutacciyar yarjejeniya daban. In uwar kamfani ta yi alkawarin kawo dila goma duk wata ta kasa, mai reshe ba shi da bakin kai ƙara, don kotu ba ta tilasta cika alkawarin da aka gina kan haramtaccen kaya. Ga kuma iyaka da ba ta da tabbas. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, iyakar Illela, wadda ke tsakanin Sakkwato da Ƙonni ta Nijar, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Shagon da hajarsa ke bin hanyar Ƙonni ya zauna wata da watanni yana biyan haya babu abin ratayewa.

Hajar tana cikin akwatunan gari

Kayan alfarma na hannu da Sakkwato ke da su da yawa suna cikin gidaje. Akwatin lefe guda yana iya ɗauke da turamen atamfar Vlisco da ba a taɓa yankawa ba, da leshin Suwizalan, da jakunkuna da takalman da aka sa sau ɗaya ranar walima. Akwai abayoyin da aka sayo a Dubai da Saudiyya suka yi wa mai su kaɗan. A ɓangaren maza akwai shaddar Getzner, da manyan riguna masu aikin hannu, da huluna, da agoguna. A idon mai saye na Sakkwato, waɗannan su ne masu suna. Mace ta fi gane darajar atamfar Super fiye da ta wata rigar Faransa da ba ta taɓa jin sunan mai ɗinka ta ba.

Kuma wannan kasuwa ba sabuwa ba ce. Dillaliya ta daɗe tana yin ta. Tana shiga gida, a ba ta kaya cikin sirri, ta ƙulle a ɗankwali ko ta zuba a jaka, ta kai wani gidan a wata shiyar, ta dawo da kuɗi ta cire la'adarta. Abin da manyan kamfanonin waje ke yi da intanet, wato karɓar kaya amana a sayar a cire kaso, shi take yi da ƙafa. Ƙarfinta biyu ne: tana shiga inda namiji ba ya shiga, kuma tana rufa asiri. Rauninta kuma sananne ne: babu rubutu, babu tsayayyen farashi, kuɗi kan daɗe a hannu, kuma in kaya ya ɓata sai rantsuwa.

Duk tsarin hayar sunan da ya ɗauki dillalai a matsayin abokan hamayya ya faɗi tun bai tashi ba. Wanda zai yi aiki shi ne wanda ya mai da su masu kawo haja: a yi wa kowace rajista, a ba ta littafin rasit mai kwafi uku (na mai kaya, na dillaliya, na shago), a yanke mata kaso bayyananne, a biya ta ranar da aka biya mai kaya.

Yanzu ga abin da suna mai rassa zai iya yi wanda dillaliya ɗaya ko shago ɗaya ba zai iya ba, kuma a ganinmu shi ne babban dalilin da zai sa hayar suna ta cancanci kuɗinta a nan. Sakkwato gari ne da manyan gidaje suka san juna. Mai sayarwa tana tsoron a ga leshinta a jikin wata a ce babu ta kama ta. Mai saye tana tsoron ta shiga biki a Mabera ko Gawon Nama ta haɗu da mai kayan ta asali. Wannan kunya ce ke danne farashi, ita ce kuma ke hana kaya mafi kyau fitowa. In akwai rassa a Birnin Kebbi da Gusau da Kano da Kaduna, ɗinkakken kayan Sakkwato sai ya tafi can, na can ya zo nan. Jaka da takalmi da turmin da ba a yanka ba suna iya zama a gida, don ba su da shaida. Amma ɗinkakken leshi mai fitaccen aiki dole ya bar gari. Mai son karɓar reshe ya tambaya ƙarara: sau nawa ake musayar kaya tsakanin rassa, wa ke biyan kuɗin mota, in kaya ya ɓace a hanya asarar wa ce, kuma in an sayar a Kano, nawa ne rabon reshen da ya samo kayan? In babu amsar waɗannan a rubuce, abin da ake sayar masa allo ne kawai, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Tantancewa

A nan sana'ar take. Jaka ana duba ta ne daga ɗinki: tazarar zare daidai take ko tana tsalle, kuma a kusurwa an koma baya da kyau ko an tara zare. Sai ƙarfen jiki, zik da ƙugiya da maɓalli: na ainihi yana da nauyi, rubutun da ke jikinsa a sassaƙe yake da tsabta, na jabu sau da yawa fenti ne a kan ƙarfe mara nauyi, yana fara ɓarewa daga inda hannu ke yawan taɓawa. Sai shafin ciki, da hatimin da aka buga a fata, da fentin bakin maɗauri, da wari, don warin gam ba ya ɓuya. Lambar da ke cikin tsofaffin jakunkunan Louis Vuitton, haruffa biyu da alƙaluma huɗu, tana nuna wuri da lokacin da aka yi jakar ne kawai, kuma masu jabu sun iya kwaikwayonta. Daga 2021 kamfanin ya daina sa ta ya koma ɓoye ɗan guntun na'ura a cikin jakar. Jakar da aka ce ta bana ce amma tana ɗauke da tsohuwar lamba ta tona kanta. Kwali da rasit da jakar ƙura ba hujja ba ne, don su ma ana buga su.

Akwai na'urori irin na kamfanin Entrupy, masu ɗaukar hoton fata da ɗinki da madubin ƙara girma su kwatanta da hotunan da suka tara. Suna taimakawa, amma da dala ake biyan kuɗinsu, kuma ba su san atamfa da shadda ba. Wannan dole sai ido.

Atamfar Vlisco, da ake bugawa a Helmond ta ƙasar Holan, ana gane ta daga gefen zane, inda sunan kamfani da lambar zanen suke, da kuma yadda launi ya ratsa ciki da waje kusan daidai. Ƙananan tsage-tsagen da kakin rini ke bari ba sa maimaita kansu iri ɗaya daga yadi zuwa yadi. In aka ga ɗigo ɗaya yana dawowa wuri ɗaya a kowane zagaye, bugun inji ne na kwaikwayo. Shaddar Getzner ta Ostiriya ita ma gefenta na ɗauke da shaida, kuma ƙyallinta yana jure wanki, ba kamar wadda aka yi wa bugu da sitaci ba. Matsalar ita ce tela ya riga ya yanke gefen a ɗinkakken kaya. Shi ya sa turmin yadi shida da ba a taɓa ba ya fi ɗinkakke sauƙin sa wa farashi, kuma shi ya sa shago ke buƙatar tsohon hannu daga layin 'yan atamfa na Babbar Kasuwa, wanda yatsunsa suka san yadi, fiye da yadda yake buƙatar kwamfuta.

Yarjejeniya ta fayyace wanda ke ɗaukar asara in aka sayar da jabu. In uwar kamfani ce ta tantance ta hoto ko ta na'ura ta ce na ainihi ne, ita za ta mayar wa mai saye kuɗinsa. In reshe ne ya yi gaban kansa, shi zai biya. Kayan da aka yi shakka a kai a mayar wa mai shi, kada a rage farashi a ce "ba mu tabbatar ba". Wannan kalma ita ke mai da shagon alfarma teburin gwanjo cikin wata shida.

Gyara ma yana da ƙa'ida. Sakkwato gidan fata ce, jar akuyarta ta yi suna har Turai tun zamanin fatake, kuma dukawanta za su iya sake maɗaurin jaka ya fi na asali ƙarfi. Sai dai jakar da aka sake wa maɗauri ko zik ta zama gyararriya, dole a rubuta haka a jikin takardar farashi. Haka kuma kada a liƙa tambarin wani babban kamfani a allon shago ko a hoton talla yadda mai wucewa zai zaci wakilinsu ne. A Fabrairun 2024 wata kotu a New York ta ci shagon What Goes Around Comes Around tarar dala miliyan 4 a ƙarar da Chanel ta shigar, kuma yadda shagon ya yi amfani da sunan Chanel a tallarsa yana cikin abin da aka yi shari'a a kai. Sayar da jakar da aka saya da halali ba laifi ba ne. Nuna kamar kai da masu ita kuna tare, shi ne matsala.

Lissafi

A ɗauki misali, ba don haka farashi yake ko'ina ba, sai don a ga yadda kaso ke cin riba. Shago ya sayi kaya da kuɗinsa, ya rataya masu farashin da jimlarsa ta kai naira miliyan 3.6, ya biya masu kayan kashi 35 cikin ɗari na wannan farashi, wato 1,260,000. Bayan ragi da rangwame, abin da ya shiga aljihu a wata miliyan 3 ne. Saura 1,740,000. Kason suna kashi 5 ya ci 150,000, kason talla kashi 2 ya ci 60,000. Haya 150,000. Ma'aikata uku a kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 sun ci 210,000. Wuta da man janareta 200,000. Wanki da guga da gyara 120,000. Ɓata da sata 90,000. Data da manhaja da cajin POS 50,000. Abin da ya rage wa mai shago 710,000.

Kashi 7 da aka ba uwar kamfani kamar ba yawa, amma 210,000 ne daga ribar da da ta zama 920,000, kusan rubu'i ke nan. Yanzu a ce ciniki ya faɗi zuwa rabi, kamar yadda yakan yi bayan Babbar Sallah ko tsakiyar damina. Haya da albashi da wuta ba sa raguwa. In aka sake lissafin, abin da zai rage bai wuce 50,000 ba. Wanda bai ajiye kuɗin tafiyar da shago na aƙalla wata shida a gefe ba, wata biyu irin wannan sun isa su sa ya fara taɓa kuɗin masu kaya, kuma daga nan rushewa take farawa.

Tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa yana cikin kayan amana. Hajiya ta kawo jaka aka sayar 400,000. La'adar shago kashi 20 ce, wato 80,000, sauran nata ne. In yarjejeniya ta ce kason uwar kamfani daga "jimlar ciniki" ake cirewa, za ta ɗauki kashi 7 na 400,000, wato 28,000. Kashi 35 cikin ɗari ke nan na abin da shago ya samu, tun ba a ba dillaliya nata ba. A kayan amana, kaso daga la'ada ya kamata a cire shi, ba daga farashin kaya ba, kuma a rubuta shi da misalin lissafi a cikin takardar don kada a zo ana fassara daga baya.

Sai batun dala. Yarjejeniya da kamfanin waje takan ƙunshi mafi ƙarancin kason da za a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Dala 500 a wata, a farkon 2023 lokacin da canjin hukuma ke wajen naira 460, ta kama 230,000. Bayan an saki naira a Yunin 2023 canji ya haura 1,500 a 2024, dala 500 ɗin nan ta zama 750,000, alhali mai saye a Sakkwato albashinsa bai ninka uku ba. Mai ciniki da naira kada ya ɗauki nauyin da ake biya da dala.

Game da saye da karɓar amana, abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa biyun. Ƙananan kaya masu saurin fita a saya kai tsaye, don ribarsu ta fi. Masu tsada a karɓa amana, don kada jari ya kwanta a jaka ɗaya. Kowane kaya a ɗaura masa takarda mai launin watan da ya shigo. Kwana 30 a cikakken farashi, daga nan a rage kashi 20, a kwana 60 a ƙara ragewa, a kwana 90 a mayar wa mai shi ko a tura wani reshe. Mai kaya ta sa hannu a kan wannan jadawali ranar da ta kawo, don rigimar da ta fi yawa ita ce "ban ce a sayar haka ba". Lokacin tara haja kuma shi ne kafin azumi da makonnin komawa makaranta, lokacin da gidaje ke neman kuɗi a hannu. Wanda ya bari sai goman ƙarshe yake neman kaya, ya zo fafe gora ranar tafiya.

Takarda da doka

A Amurka doka ta wajabta wa mai bayar da hayar suna ya miƙa wa mai nema kundin bayani mai sashe 23, aƙalla kwana 14 kafin a sa hannu ko a karɓi kuɗi. A ciki akwai ƙararrakin da aka shigar da kamfanin, da dukkan kuɗaɗen da za a biya, da jerin rassan da suka buɗe da waɗanda suka rufe. A nan gida mai nema shi zai nemi waɗannan da bakinsa. Ya ga takardar rajistar kamfanin ta hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Ya ga takardar mallakar tambari daga ofishin rajistar tambura da ke Abuja, don rajistar sunan kasuwanci ba ita ce mallakar tambari ba, kuma mutane da yawa suna bayar da hayar sunan da ba su mallaka ba. A duba cewa rajistar ta shafi aji na 35, na harkar saye da sayarwa, kuma ba ta ƙare ba, don rajistar farko shekara bakwai take yi kafin a sabunta. In kamfanin na waje ne, sai an yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar NOTAP, mai kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, kafin banki ya tura masa kuɗinsa ta halastacciyar hanya. Sannan ya nemi ganin littafin cinikin shagon uwar kamfanin na shekara biyu cif, mai ɗauke da Sallah huɗu da damina biyu, ya kuma yi magana da wanda ya taɓa riƙe reshe ya bari. Wanda bai taɓa cin riba a shagonsa na kansa ba, ba shi da tsarin da zai bayar haya.

Kayan sata haɗari ne na yau da kullum. Jaka mai tsada a hannun yaron gida ko mai aiki, ana neman a sayar da gaggawa a kowane farashi, alama ce. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar laifuka ta Penal Code, kuma 'yan sanda shagon za su fara zuwa. Duk mai kawo kaya a rubuta sunansa da lambar katin ɗan ƙasa, a ɗauki hoton kayan, a biya ta banki zuwa asusun mai sunan, kuma mai tsada ya kwana bakwai a ajiye kafin a fito da shi. Wannan littafi ya zauna a kulle a hannun mutum ɗaya, don dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta hau kansa, kuma ranar da sunan wata Hajiya ya fita, ranar haja ta yanke. Kayan lefen auren da ke gaban alƙali kuma a nisance su har a gama shari'a.

Ta fuskar addini, wanda a Sakkwato ba a raba shi da kasuwa, dillanci da wakilci da lada halal ne matuƙar an san kason tun farko. Ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Tabo, ko ɗinkin da aka sake, ko tsagewar shafi, a rubuta a takardar farashi. Yarjejeniyoyin da aka kwafo daga waje sukan ƙunshi kuɗin ruwa a kan kason da aka makara biya. A kai wa malami da lauya su duba, a nemi a sauya wannan sashe. Wajen zakka kuma, mai shago irin wannan yana ƙiyasta hajar da ya mallaka duk shekara ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari in ta kai nisabi, amma kayan amana ba nasa ba ne, don haka dole littafinsu ya zama daban.

Littafin aikin da aka rubuta a Legas ko Landan bai san zafin Sakkwato ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40. Fatar roba tana ɓarewa a kan kanta ko ba a taɓa ta ba, gam ɗin tafin takalmi yana saki, turare da man da ya taɓa shafin jaka yana fitowa ya zama tabo, kuma rana ta gilashin gaban shago tana kashe launin leshi cikin makonni. Jakar fata ba a kulle ta a leda, a jakar auduga ake sa ta, a cika cikinta da farar takarda don kada ta lanƙwashe. Takalmin da ya daɗe a ajiye a lanƙwasa tafinsa da hannu kafin a saya, don wani yana da kyau a ido amma taku goma zai yi ya rabe. A hunturu ƙura na shiga ko'ina, kabad mai gilashi da ƙofa mai rufuwa ba ado ba ne. Inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, kuma ta rufe har da kayan amana, don gobarar da ta ci Babbar Kasuwa a Janairun 2021 ta nuna yadda dukiyar shekaru ke tafiya a yini ɗaya, kuma mai kayan amana ba za ta karɓi "ƙaddara ce" a madadin jakarta ba in babu abin da aka rubuta.

Sashen yarjejeniya da aka fi tsallakewa shi ne na rabuwa. Yawancin cinikin irin wannan shago ta WhatsApp da Instagram yake tafiya, mata suna zaɓa daga ɗaki a aika masu da mai Keke. Lambar wayar shago da shafin da jerin masu saye su ne ainihin dukiyar da mai reshe ya gina. A rubuta tun ranar farko sunan wa ke kan layin, wa zai riƙe shafin in an rabu, shekara nawa aka hana mai reshe buɗe irin wannan shago da sunansa kuma a iya wane yanki, da kwana nawa za a ɗauka a mayar wa kowace mai kaya kayanta ko kuɗinta kafin a sauke allo.